KAROL BARNET, MATAR DA KE JAN KUNNENTA DON TA GAIDA KAKARTA

Labarin wannan wata daga nesa ya fito, daga ƙasar Amurka. Labarin wata mata ne mai ba mutane dariya cikin talabijin. Sunanta Karol Barnet. Turawa suna rubuta shi haka: Carol Burnett.

Shekara 11 ta yi tana fitowa cikin talabijin sau ɗaya kowane mako, daga 1967 zuwa 1978. A daren wasanta, mutum wajen miliyon 30 ne ke zaunawa su kalle ta. Don ku gane yawan, ku tuna da ƙidayar da aka yi a Nijar a shekara ta 1977: mutanen ƙasa duka, babba da yaro, miliyon 5 ne da ƴan kai.

Lokacin da take wannan wasa, talabijin bai shiga gidajen Nijar ba tukuna. Tele Sahel ba ta fara nuna ma jama'a shirye-shiryenta ba sai 1979. Amma tarihin matar ya isa a saurara, don cikinsa akwai abubuwan da kowane ƙauye ya sani: kakar da ta riƙe jika, giyar da ta rushe gida, bashin da aka biya kan lokaci, da ƙazafin da aka kai gaban alƙali.

Wane irin wasa ne?

Ku ɗauka daren biki ne a dandali. Makaɗa sun zo, ƴan rawa sun zo, ɗan kama ya zo, samari sun shirya wasan kwaikwayo. Akwai kuma mutum guda mai riƙe da fili, shi ke kiran wannan ya shigo, wancan ya fita. To, haka wasan yake. Sai dai cikin babban zaure ake yin shi gaban ƴan kallo, a ɗauki hotonsa, a watsa shi cikin awa guda. Waƙa kaɗan, rawa kaɗan, sannan gajerun wasannin ban dariya. A shekarun 1950 da 1960 shi ne abin yayi a Amurka. Masu riƙe filin kuwa, yawancinsu maza ne.

Ɗaki guda

An haifi Karol ran 26 ga watan Afrilu 1933 a garin San Antoniyo, cikin jihar Teksas. Lokacin Amurka na cikin babban talauci, miliyoyin mutane ba su da aikin yi. Ubanta yana kula da wani gidan silima. Uwarta tana son aikin rubutu. Su biyun duka giya ta kama su, aure ya mutu. Sai kakarta ta wajen uwa ta riƙe ta. Karol tana kiran tsohuwar Nani.

Tana da shekara 7, ita da kakar suka bi uwar zuwa Holiwud, unguwar masu yin silima cikin birnin Los Anjalas. Kada sunan ya ruɗe ku. Holiwud na da attajirai, tana kuma da matalauta, kuma cikin matalautan suka sauka. Ɗaki guda suka samu haya. Kaka na kwana bisa gado, jika na kwana bisa doguwar kujera. Ba wurin ajiye tufafi, sai ta rataye nata cikin ɗakin wanka. Da ɗan taimakon da gwamnati ke ba mabuƙata suke ci. Uwar tana wani ɗaki dabam cikin gidan, tana ta sha. Uban yakan leƙo jefi-jefi.

A shekara ta 1986 Karol ta rubuta littafi don ɗiyanta mata su san inda ta fito. Ba ta zagi uwayenta ba, ba ta kuma rufa ma giya asiri ba. Ta ce ubanta mutum ne mai taushin hali, ko ya sha ba ya faɗa, sai dai ba ya iya riƙe aiki. Uwarta kuwa in ta sha, harshenta ya yi kaifi. Dukansu ba su kai shekara 50 a duniya ba. Uban ya rasu a 1954, uwar ta bi shi a 1958.

Abu guda ne ke fid da kaka da jika daga ɗakin nan: silima. In an samu ƴan canji sai su tafi. Wani mako sukan ga fim har 8. In sun dawo, Karol ta tara yaran unguwa su maimaita abin da ta gani. A nan ta koyi kukan Tarzan, wato ihun wani mutumin daji na cikin fim. Ba ta san ihun zai bi ta har tsufa ba.

Da ta girma ta samu aikin nuna ma mutane wurin zama cikin wani gidan silima. Ran nan, a 1951, wasu mata da miji suka zo saura ƴan mintoci fim ya ƙare. Ta ce masu su dakata a sake farawa, kada su ga ƙarshe su ɓata ma kansu daɗin labari. Mai kula da gidan ya ji. Nan take ya fizge alamar aikin da ke kafaɗar rigarta, ya kore ta. A Holiwud akwai wata al'ada: in ɗan wasa ya shahara, sai a rubuta sunansa cikin hoton tauraro bisa daɓen bakin titi. A 1975 aka tambayi Karol inda take son a sa nata. Ta ce a ƙofar gidan siliman nan. Can aka sa shi.

Ambulan da bashi

A 1951 ta gama lakwal, tana son shiga jami'ar birninsu da ake kira UCLA. Kuɗin shiga bai kai dala 50 ba. Ba dalar nan ta sefa 5 ba, dalar Amurka ake nufi. Hayar ɗakinsu dala 30 ce a wata, ku gani ke nan dala 50 ta fi ƙarfinsu. Ran nan ta duba akwatin wasiƙu, sai ga ambulan da sunanta, cikinsa takardar dala 50. Ba sunan mai aikowa. Ta sha faɗi cewa ba ta taɓa gano ko wane ne ba.

Aikin jarida ta so koya. Amma cikin darussan da ta ɗauka akwai wanda sai ɗalibi ya hau dandamali ya yi wasa. Ta hau da tsoro. Cikin wasannin farko ta fito a matsayin wata baƙauya, ta buɗe baki, zaure ya fashe da dariya. Ta ce tun daga ranar ba ta ƙara son wani aiki ba.

A 1954 wani malaminsu ya kai su wata liyafa a wajen garin San Diyego don su yi ma baƙi wasa. Bayan wasan, wani attajiri ya tambaye ta abin da take so ta zama. Ta ce tana son zuwa Niyu Yok, babban birnin ƴan wasa, amma ba ta da ko kuɗin mota. Mutumin ya ranta mata dala 1000, ba ruwa ko kaɗan. Ya ba saurayinta ma haka. Sharaɗi 3 ya gitta: ta biya cikin shekara 5, kada ta taɓa faɗin sunansa, kuma in ta samu ta taimaki wasu.

Ba ɗan uwanta ba ne, ba ɗan garinsu ba ne, bai kuma riƙe jinginar komi ba. Da shekara 5 ta cika, ta mayar masa da kuɗinsa cif.

Jan kunne

Niyu Yok ba ta tarbe ta da kiɗi ba. Ta sauka wani gidan haya na ƴan mata masu neman aikin wasa. Ta kama aikin ajiye ma mutane huluna da riguna a ƙofar wani wurin cin abinci. Duk ofishin da ta je sai a ce ba za a ɗauke ta ba sai an ga wasanta, kuma ba za a ga wasanta ba sai wani ya ɗauke ta. Da abin ya ishe ta, sai ta tara ƴan matan gidan, suka haɗa ƴan kuɗinsu, suka kama zaure haya, suka shirya wasa da kansu, suka aika ma masu ɗaukar ƴan wasa katin gayya. A 1955 ke nan. Daga nan ƙofa ta fara buɗewa.

A wannan shekara ta fara fitowa cikin talabijin, cikin wani shiri na yara. Ta buga ma kakarta waya ta ba ta albishir. Tsohuwa ta ce to, in ta fito ta gaishe ta. Karol ta ce gidan talabijin ba zai yarda ta tsaya gaida kakarta ba. Sai suka yi dabara: za ta kama kunnenta na hagu ta ɗan ja shi. Ma'anarsa: Nani, ina gaishe ki, ina lafiya, ina son ki.

Ga Bahaushe, jan kunne gargaɗi ne. Ga wannan jika da kakarta gaisuwa ce. Tun daga ranar ba ta bari ba. Kowane mako, in wasa ya zo ƙarshe, sai ta ja kunne. Ko bayan tsohuwar ta rasu ta ci gaba. Takan yi ba'a ta ce kunnen hagun har ya fi na dama tsawo.

Ba ta manta da gida ba kuma. Da ta ga halin da uwarta ke ciki, sai ta je ta ɗauko ƙanwarta, ta kawo ta Niyu Yok, ta riƙe ta. Lokacin ita kanta ba ta tsaya da ƙafarta sosai ba.

A 1957 ta yi wata waƙar ban dariya, wai ta mutu kan son ministan harkokin wajen Amurka na lokacin, Jon Fosta Dalas. Mutumin dattijo ne mai ɗaure fuska, shi ya sa abin ya ba mutane dariya. Sunanta ya fara yawo. Daga 1959 zuwa 1962 ta yi aiki cikin shirin wani mai riƙe fili, Gari Mur. A nan ta fara fitowa cikin kayan mai shara, da tsumma ɗaure a kai, da bokiti, da sandar goge daɓe. Wannan mai shara ta zama alamarta.

Wai aikin maza ne

Gidan talabijin na CBS ya ɗauke ta da yarjejeniyar shekara 10. Cikin takardar akwai wani layi da ya ce: cikin shekara 5 na farko, in ta nema, tilas a ba ta fili nata na kanta har sau 30, kowane na awa guda. Manyan gidan sun manta da layin. Saura kwana kaɗan wa'adi ya cika, a ƙarshen 1966, ta buga waya ta ce tana so.

Aka yi ta lallashinta ta haƙura. Wani babba ya ce mata riƙe irin wannan fili aikin maza ne, ta karɓi wani ƙaramin wasa dabam. Ta ƙi. Abin da aka rubuta aka sa hannu ba ya gogewa da baki, dole suka ba ta. Mai koyon karatu ya lura da wannan wuri: layi guda cikin takarda, da ta karanta ta riƙe, shi ya ba ta filin.

Ran 11 ga watan Satumba 1967 aka nuna wasan farko. Su manyan ba su zaci zai daɗe ba. Sai da aka yi 279.

Abin da mutane ke tunawa

In an tambayi tsofaffin Amurka abin da suke tunawa, da yawa sukan fara da buɗe fili. Karol takan fito ita kaɗai, ta sa a kunna fitilun zaure, ta ce duk mai tambaya ya yi. Ba a shirya tambayoyin ba, ba ta san abin da zai fito ba. Da farko ta ji tsoron abin, daga baya ya zama wurin da ta fi so. Kusan kullum sai wani ya roƙa ta yi kukan Tarzan. Sai ka ga mace cikin doguwar riga mai tsada ta wage baki ta kurma ihun daji.

Ba ita kaɗai ke wasan ba. Akwai Harbi Korman, akwai Tim Konwe, akwai Layil Wagona, akwai Biki Lorans. Yadda aka samu Biki ma labari ne. Tana yarinya ƴar shekara 17 ta rubuto ma Karol wasiƙa, ta ce mutane na cewa sun yi kama. Ta sa wata takardar jarida mai hotonta da labarin wata gasa da za ta shiga. Karol na da tsohon ciki, amma ta je ta kalli gasar. Bayan ƴan watanni aka ɗauki yarinyar, ba ta san komi ba kan aikin. Ta koya a fili, ta zauna har wasan ya ƙare. Sharaɗin attajirin nan na uku ya fara cika ke nan.

Ran Juma'a ake ɗaukar wasan, sau 2, gaban ƴan kallo dabam dabam. Tim Konwe yakan bi abin da aka rubuta a karon farko. A karo na biyu sai ya saki hanya, ya ƙago nasa, don kawai ya ga ya karya Harbi Korman da dariya. Wanda aka fi tunawa shi ne na 1969. Tim ya fito a matsayin sabon lokotoron haƙori, ranar farko a bakin aiki, yana leƙa littafi. Harbi shi ne mai ciwo, yana zaune bisa kujera. Lokotoro ya ɗauko allurar kashe zafi, sai ya soka ma hannunsa. Hannu ya mutu. Ya sake ɗauka, ya soka ma ƙafarsa. Ƙafa ta mutu, yana jan ta. Daga baya har goshinsa ya samu rabo. Harbi, wanda ya kamata ya yi ta nishin ciwo, ya kasa riƙe kansa, yana ta kyarma da dariya. Tim ya sha ba da labari cewa ran nan sai da abokin nasa ya jiƙa wando.

Na biyun da ba a mantawa shi ne na labule, a watan Nuwamba 1976. Akwai wani tsohon fim na 1939 da kowa ya sani a Amurka. Cikinsa wata ɗiyar masu arziki ta talauce bayan yaƙi. Don kada wani namiji ya gane, sai ta cire labulen taga ta ɗinka riga da shi. Karol ta kwaikwayi wurin. Ta sauko daga bene a hankali, tana taƙama, sanye da labule. Sai dai ba a cire sandar rataye labulen ba, tana nan gicciye bisa kafaɗunta. Telan wasan, Bob Maki, shi ya ƙago dabarar. Dariyar da aka yi ran nan na cikin mafi tsawo da aka taɓa yi a zauren. Daga baya aka kai rigar gidan ajiye kayan tarihi na Washinton, da sandarta.

Akwai kuma wani wasa da suka fara a 1974, na wani gida da ba a zama lafiya. Karol ce ɗiyar, mai suna Yunis, mace mai dogon buri da ba ta samu komi ba. Harbi ne mijinta. Biki, tana ƴar shekara 24, ita ce tsohuwar uwar mai baƙar magana. Sukan zauna don a yi hira ko a buga wani wasan allo, kafin a jima tsohon gyambo ya fashe: ke ba ki taɓa so na ba, kai ba ka taɓa tsinana komi ba. Karol ta nace a yi shi da karin harshen kudancin Amurka, irin na danginta. Waɗanda suka rubuta wasan suka ji haushi, suna tsoron mutanen kudu za su ce an yi masu ba'a. Mutanen suka karɓe shi hannu biyu. Karol ta ce Yunis na tuna mata da uwarta.

Ra'ayi ya bambanta

Ba kowa ke yabo ba. Wasu masana wasa suna cewa ɗan wasan kirki ba ya dariya tsakiyar aiki. In ya yi, ya ɓata wasan ke nan. Wasu ma suna zargin da gangan ake yi don a ja ƴan kallo. Karol ta sha musanta wannan. Ta ce suna iya ƙoƙarinsu su danne, abin ne ke fin ƙarfinsu. Wanda ya kalli fuskar Harbi bisa kujerar lokotoron nan zai yi wuya ya yarda ƙarya yake yi.

Kan wasan Yunis ma an rabu. Wasu sun ce shi ne mafi kyau cikin duka, don gaskiya ce tsirara. Wasu sun ce ba su iya dariya, don faɗan ya yi kama da na gidansu. Duka biyun suna da hujja. Wasan ya fi sauran nauyi, kuma da wuya wanda bai tashi cikin irin gidan ba ya iya yin shi haka.

Mata ƴan wasa na bayanta suna ganin ta buɗe masu hanya. Ba ita ce mace ta farko da ta riƙe fili ba, an yi mawaƙa mata kafin ita. Amma mace mai ban dariya da ta riƙe babban fili shekara 11, ba ta jin kunyar murguɗa baki, ko faɗuwa ƙasa, ko fita ta taga, wannan sabon abu ne a lokacin. Ita ma akwai wadda ta riƙe hannunta: Lusil Bol, babbar mai ban dariya ta shekarun 1950. Kowace shekara Lusil takan aiko mata da furanni ranar haihuwarta. Ran 26 ga watan Afrilu 1989, da safe, Lusil ta rasu. Ranar ce ranar haihuwar Karol. Da rana sai ga furannin sun iso, don tun kafin ta cika ta ba da saƙon.

Ita Karol nata ra'ayin shi ne, ba za a sake yin irin wasan ba, saboda tsada. Makaɗa 28 ke zaune kowane mako, ga ƴan rawa 12, ga manyan baƙi. Tela da ma'aikatansa sukan shirya tufafi 60 zuwa 70 cikin mako guda, wajen 17,000 ke nan cikin shekara 11. Ta ce ba gidan talabijin da zai yarda ya kashe wannan kuɗi yanzu. Ta kuma sha nuna cewa ba sai an yi batsa ake ba mutane dariya ba. Wasanta kaka da jika ke zama su kalla tare.

Ba korar ta aka yi ba. CBS ta so a ƙara shekara, ita ta ce ya isa, gara ta tashi tun ana son ta. Ran 29 ga watan Maris 1978 aka nuna na ƙarshe. Ta fito cikin kayan mai shara, ta kifa bokitinta ta zauna bisa, ta yi ban kwana. A 2001, da aka tara tsofaffin ƴan wasan suka zauna tuna baya, mutum kusan miliyon 30 suka sake kalla.

Gaban alƙali

A watan Maris 1976, wata jaridar tsegumi mai suna National Enquirer ta buga ƴan layuka a kanta. Wai an gan ta cikin wani gidan cin abinci a Washinton tana hayaniya, tana faɗa da Henri Kisinja, ministan harkokin waje na lokacin, tana yawo tsakanin tebura. Ba su rubuta kalmar maye ba, amma duk wanda ya karanta ya gane abin da ake nufi.

Manyan ƴan wasa sun saba da irin wannan, yawanci sukan share. Karol ba ta share ba. Matar da giya ta raba da uwa da uba, wadda ke fitowa tana gargaɗin mutane kan shaye-shaye, ita ce za a ce ta bugu cikin jama'a? Jaridar ta buga ƴar gajeruwar janyewa. Ta ce bai isa ba, ta kai ƙara.

Shekara 5 ana jan magana. A 1981 aka zauna shari'a a Los Anjalas. Ta tsaya ta ba da labarin uwayenta gaban kowa. Shaidu suka nuna ba ta bugu ba, ba ta yi faɗa da kowa ba, gaisawa kawai suka yi da ministan. Aka yanke jaridar ta biya dala miliyon 1 da dubu 600. Alƙali ya rage zuwa dubu 800. Da aka ɗaukaka ƙara aka sake ragewa sosai, daga baya suka sasanta. Cikin abin da ta samu ta ba jami'o'i, a Hawai da Kalifoniya, don a koya ma masu son aikin jarida su binciki magana kafin su buga ta. Ku tuna, aikin da ita kanta ta so koya ke nan tun farko.

Abin ya dawo gida

Tana da ɗiya mata 3 da mijinta na biyu, Jo Hamilton, wanda shi ne mai shirya wasan. Babbar, Kari, ta faɗa shan ƙwaya tun tana ƴar shekara 13. Uwa na ba ƙasa dariya, gida kuma ba barci. Da farko Karol ta bi ta da lallashi, tana tsoron kada yarinyar ta ƙi ta. Abin ya ƙi. Sai ta kai ta gidan jiyya tilas, yarinyar na zaginta. Daga baya ta ce abin da ta koya shi ne, ta so ɗiyarta har ta yarda ɗiyar ta ƙi jininta, in dai za ta rayu.

Ba su ɓoye ba. A 1979 suka fito suka faɗa ma jarida da bakinsu. Kari ta warke, ta zama ƴar wasa. A 1988 uwa da ɗiya suka je Mosko don taimaka ma masu kafa ƙungiyar barin shan giya a can. Daga baya suka zauna tare suka rubuta wasan kwaikwayo kan ɗakin nan guda na Holiwud, da Nani, da uwar da ke sha. Kari ba ta ga an nuna shi ba. Ciwon daji na huhu ya kama ta, ta rasu a watan Janairu 2002 tana da shekara 38. Bayan wata 3 aka buɗe wasan a birnin Shikago, uwar na wurin.

Abokan filin ma sun tafi ɗaya bayan ɗaya: Harbi Korman a 2008, Tim Konwe a 2019, Layil Wagona a 2020. A 2005 shugaban Amurka Joj Bush ya rataya mata babbar lambar yabo ta farar hula. A 2023, da ta cika shekara 90, aka shirya mata babban biki cikin talabijin, kuma ko a 2024 ta fito cikin wani sabon shiri. Ta kafa taimakon kuɗin karatu a jami'arta ta da, don ɗalibai masu son aikin wasa. Sunan attajirin San Diyego kuwa, ƴan jarida sun yi ta tambaya shekara da shekaru, ba ta faɗa masu ba.

An ƙago wata sabuwar lambar yabo ta ƴan talabijin, aka sa mata sunanta, a watan Janairu 2019 aka fara ba ta. Tana da shekara 85. Ta hau dandamali, ta yi godiya ga waɗanda suka yi aiki tare. Da ta gama magana, ta kai hannu ta ja kunnen hagu.